Yadda ake jan layin mai a jirgin sama na haɗin gida, daga tanki har kafireto

Duk wanda ya kai matakin ɗora inji a jirgin da yake haɗawa da hannunsa, to ya iso inda littafin kamfani ke fara rage magana. Fiffike da jela an zana maka komai rami bayan rami, amma gaban katangar wuta, wato farantin ƙarfen nan da ya raba inji da wajen zaman matuƙi, sau da yawa kai ne zaka yanke inda kowane tiyo zai bi, don injin wani Lycoming ne na wani Rotax, salansar wannan daban ta wancan daban. A 2012 hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta yi nazari a kan irin waɗannan jirage, ta ga mutuwar inji a sama na cikin manyan abubuwan da ke kayar da su, har ta ba da shawarar a riƙa gwada tsarin mai kafin tashin farko. Kuma inji zai iya zama lafiyarsa ƙalau ya mutu, don kawai mai bai iso ba.

Man fetur baya son wahala, wannan shi ne zancen gaba ɗaya. Kar a tsotso shi daga nesa, kar a dafa shi a hanya, kar a bar bututunsa yana shan girgiza, kar a jefa masa datti. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya fito.

Fara da takarda, ba da bututu ba

Kafin ka yanka ko inci ɗaya, zauna ka zana hanyar man daga tanki har inji, ka rubuta tsayin kowane abu daga ƙasa. In fiffiken jirginka a sama yake, tanki na bisa inji, nauyin man ma kaɗai zai iya gangaro da shi. In fiffike a ƙasa yake kamar jiragen RV na kamfanin Van's, to dole famfo, kuma biyu: na jikin inji da na lantarki mai taimaka masa. Jerin da aka saba shi ne raga a bakin tanki, bawul na zaɓen tanki, filta, famfon lantarki, a ƙetare katanga, kofin tace ruwa da ake kira gaskoleta in tsarin na da shi, famfon inji, sai kafireto ko injekta.

Abin da ya sa famfon lantarki ke zama ƙasa ƙasa, kusa da tanki, a ɓangaren da ba zafi, shi ne famfo ya fi iya turawa a kan tsotsa. Fetur in ka rage masa matsi tafasa yake yi tun bai yi wani zafi ba, to ka haɗa tsotson famfo da dogon bututu da kwana kwana da zafin salansa da kuma hawa sama inda iska ta yi sauƙi, sai man ya koma tururi a cikin layi, famfo na ta aiki amma kumfa yake ja, inji ya fara tari. Man jirgi 100LL, mai launin shuɗi, an yi shi ne yadda bazai yi saurin tururi ba. Fetur ɗin mota ya fi shi saurin tashi, don haka in da shi zaka yi amfani, kamar yadda masu Rotax da yawa ke yi, sai ka ƙara tsanani a kan duk wannan.

Bawul kuma ka sa shi inda matuƙi zai gan shi ya kai hannu yana ɗaure da bel. A watan Oktoba 1997 mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a gaɓar Monterey cikin jirgin Long-EZ da wani ya haɗa ya saya a hannu. Zanen asali ya ce hannun bawul ya zauna tsakanin ƙafafun matuƙi, wanda ya haɗa jirgin ya mai da shi bayan kafaɗar hagu, sai an juya jiki kafin a kama shi, kuma NTSB ta sa wannan cikin dalilan haɗarin. Sannan a jirgi mai fiffike ƙasa kar ka sa bawul mai buɗe tankuna biyu lokaci ɗaya sai in mai zanen ne ya tsara haka, don da zarar tanki ɗaya ya ƙare famfo iska zai riƙa ja daga can, ya bar mai cike a ɗayan.

Kayan aikin

Kayan jirgi da lambar AN ake kiransu, lambar girma kuma kashi 16 na inci take ƙirgawa. Wato -4 kwatan inci ne, -6 shi ne 3/8, -8 rabin inci. Inji kamar Lycoming O-320 ko O-360 babban layinsa -6 ne. Bayan katanga, cikin jikin jirgi inda komai a kafe yake, bututun alminiyam mai laushi ake sawa, 5052-O ko 3003-O. Na farkon ya fi ƙarfi da jure girgiza, na biyun ya fi daɗin lanƙwasawa, ni dai in an bar ni 5052 zan ɗauka. Gaban katanga kuwa, duk layin da zai taɓa inji tiyo ne.

Ga wani tarko da ke kama mutane: joyin na AN bakinsa digiri 37 ne, na kayan mota da na firji 45 ne. A ido kusan ɗaya suke, notin ma wani lokaci zai hau, amma leɓen, wato buɗaɗɗen bakin bututun, bazai zauna daidai ba, yau ya riƙe gobe ya tsage. Na'urar buɗe bakin bututu da zaka saya tabbatar ta 37 ce. Ka kuma samu littafin FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, mai lamba AC 43.13-1B ka ajiye kusa, kyauta yake a intanet, yawancin awon da zan kawo daga can suke.

Lanƙwasa da buɗe baki

Ɗauki waya mai kauri wadda ke lanƙwasuwa da hannu ka fara gwada hanyar da ita, daga joyin zuwa joyin, sai ta zauna yadda kake so sannan ka kwaikwayi siffarta a bututu. Da na'urar lanƙwasa ake yi, ba a gwiwa ba. Bututun 3/8 kwanarsa kar ta matse ta gaza inci ɗaya daga tsakiya, 15/16 ne a rubuce, kuma in ya baje a kwana har faɗinsa ya koma ƙasa da kashi 75 cikin 100 na asali, jefar da shi. Ƙarci ko lotsawa a bayan kwana ma haka, don wajen ya riga ya miƙe ya yi siriri.

Kar ka taɓa jan bututu miƙe sambal tsakanin joyin biyu da ke kafe. Yana da kyau a ido amma kuskure ne, bazaka iya yanka shi cif cif ba, kuma ƙarfe na miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, jikin jirgi ma na motsi, duk wannan jan a kan leɓen zai sauka. Sa masa kwana ko da ɗaya ce ya samu wajen numfashi.

Yanka a hankali, kana ƙara matse wuƙar kaɗan kaɗan, in ka matse da ƙarfi bakin zai taurare ya tsage wajen buɗewa. Kankare ƙarfen da ya tashi ciki da waje, goge bakin ya yi sumul. Yanzu kafin ka buɗe bakin, zura noti AN818 da zobensa AN819, ka duba sun fuskanci daidai, kusan babu maginin jirgin da bai taɓa yin leɓe mai kyau ba sannan ya hango notin a kan tebur. Ɗiga ɗan mai a kan na'urar, murɗa sannu, ka tsaya da zarar leɓen ya cika bakin zoben, noti kuma ya wuce ta kansa ba tare da tiredi ya kama shi ba. Duba shi da gilashin ƙara girma. Tsaga komai ƙanƙantarta, yanke ka sake.

Wajen ɗaurawa, leɓen ya zauna kan joyin da kansa, notin ya shiga da yatsu har kusan ƙarshe. In sai da sifana kake jawo bututun ya daidaita, to lanƙwasar ce bata yi ba.

Hanya cikin jikin jirgi

Layi ya riƙa tafiya ko hawa ko sauka, banda tudu da kwari. Duk inda ya yi tudu iska da tururi za su taru, duk inda ya yi kwari ruwa zai kwanta tunda ya fi fetur nauyi, in aka hau sama cikin sanyi ya daskare ya toshe hanya. In kwarin ya zama dole, to a sa masa magudana da za a riƙa tsiyayewa kafin kowane tashi.

Kilif mai roba a ciki, MS21919, shi ake kama bututu da shi. Tazara ga bututun 3/8 zuwa rabin inci wajen inci 16 ce, ga kwatan inci 12, kuma ka sa kilif kusa da kwana. Abu mai nauyi kamar filta da bawul da famfo a ɗaure shi a jikin jirgi da kansa, kar bututu ya zama shi ke ɗauke da shi. Inda layi zai ratsa rami a sa zoben roba, in kuma akwai kebul na sitiyari ko sandar da ke motsi kusa, motsa su iyakar motsinsu ka ga ba sa gogar komai.

Wayar lantarki kullum sama da layin mai take bi, saboda in yoyo ya zo kar ya ɗiga a kanta. Inci 6 tsakani ake so in da hali, in wuri ya matse a kafe kowanne da kilif ɗinsa yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. Ɗaure waya a jikin bututun mai kuwa babu shi sam.

Ƙetare katanga

Nan ba wajen zura tiyo ta rami a cusa roba bane. Joyin na musamman ake sawa mai ratsa farantin a ɗaure shi da noti, AN832 in miƙaƙƙe ne, AN833 in mai kwana ne, kuma na ƙarfe, ba shuɗin nan na alminiyam ba. Alminiyam na narkewa a wajen digiri 660 na Salshiyas, wutar fetur ta wuce nan nesa, katangar kuma an yi ta ne don ta tsare wuta daga ƙafafunka. Haka joyin da ke ɗaure a jikin inji kai tsaye, na ƙarfe ya fi, saboda girgiza. Zaɓi wajen ramin bayan ka ɗora salansa da akwatin batir da filtar man inji, ko na gwaji ne, in ba haka ba zaka huda ka dawo kana toshewa.

Gaban katanga, inda aikin yake

Inji a kan robobi yake zaune, in an tada shi ko an kashe shi jijjiga yake sosai, katanga kuma a tsaye take. Bututu mai tauri tsakaninsu ranar tsagewarsa kawai ake jira. Don haka tiyo, kuma ba kowane tiyo ba. Akwai na roba irin Aeroquip 303, akwai na Teflon mai saƙar ƙarfe a baya irin Aeroquip 666 ko Stratoflex 124. Na roba yana tsufa ko ana tashi ko ba a tashi, Rotax ma cewa suka yi duk shekara 5 a canza kayan robar injinsu. Na Teflon ba ya tsufa haka, ya fi tsada amma ni ina ganin kuɗin ya halatta. Nemi mai baƙin ciki, wato wanda aka sa wa kabon a cikinsa, don gudun mai na tara lantarki kuma shi yana sauke shi. Ka sani kuma Teflon in ya yi aiki da zafi yana riƙe siffar da ya zauna, in ka ciro shi kar ka miƙe shi da ƙarfi.

In kai zaka haɗa bakin tiyon roba da kanka, da sandar ƙarfen da aka yi don haka ake yi, in babu ita bakin joyin na iya yanko ɗan fallen roba a ciki ya bar shi yana lilo, a ƙasa mai na wucewa lafiya, ranar da aka buɗe wuta gaba ɗaya sai ya rufe hanya. Ɗaga kowane tiyo ka leƙa cikinsa a haske. Gaskiya mafi sauƙi ka auna ka ba masu yi su haɗa su gwada maka da matsi.

Tsawon tiyo ya ɗara tazarar da kashi 5 zuwa 8 cikin 100, don in matsi ya shiga kumbura yake ya gajarce, ga motsin inji. Kar ya murɗe, layin rubutun da ke jikinsa shi zai nuna maka, riƙe shi da sifana ɗaya kana ɗaure notin da ɗaya. Kar kwana ta fara daga bakin joyin, bar masa ɗan miƙe, in wuri bai isa ba sayi mai bakin 45 ko 90. Amma kar ka cika joyin masu kwana 90 musamman kafin famfo, kowanne rage gudu yake.

Sai rigar wuta, jar nan mai ruwan lemo ta zaren gilashi da silikon. Duk tiyon mai a gaban katanga ya sa ta, ta rufe har kan ƙarfen bakin, a ɗaure ƙarshenta da maɗaurin ƙarfe mara tsatsa, a shafe bakin don kar zaren ya sha mai ya zama lagwani. Ma'aunin jiragen sama na abin da ake ce wa mai jure wuta shi ne ya yi minti 15 a wutar digiri 2000 na Farenhait, kusan 1100 na Salshiyas. Ko wuta bata tashi ba, rigar na rage zafin da ke shiga man.

Salansa ita ce babbar abokiyar gaba, hayaƙin cikinta na kai digiri 700 zuwa 800. Nisanta tiyo da ita iya yadda wuri ya bari, in dole a kusanta a ɗaura farantin kare zafi a jikin salansar da ɗan sarari tsakani, kuma kar joyin ya zauna saitin samanta inda ɗigo zai sauka a kai. Kama tiyo a sandunan mazaunin inji da kilif biyu baya da baya, ɗaya a sanda ɗaya a tiyo. Igiyar roban nan mai haƙora da ake zugewa tana da sauƙi, amma in ƙura da maiƙo suka shiga ƙarƙashinta cin ƙarfen sandar take a hankali. Ka lura kuma kar ka kafe tiyo dab da inji yadda motsin zai ƙare a kan ɗan guntu.

Ƙananan layukan da ake mantawa

Na'urar auna matsin mai a katanga ake ɗaure ta, ba a jikin inji ba, a ja mata siririn tiyo, a bakin injin kuma a sa joyin mai ɗan mitsitsin rami, in tiyon ya fashe mai ya riƙa ɗiga maimakon feshi. Lycoming mai kafireto matsi tsakanin 0.5 da 8 yake so a ma'aunin matsi na psi, mai injekta kuwa 14 zuwa 45 a mashigar injektar, kaga fashewa a can ba wasa bane. Famfon inji na da ƙaramar magudana ta ranar da fatar da ke cikinsa mai tura mai ta huje, ja ta ta fita ƙasan murfin inji nesa da salansa. Rotax 912 na son layin komawa tanki mai ramin milimita 0.35, shi ke kwashe tururi bayan an kashe inji da zafi. A Lycoming mai injekta, siraran bututun ƙarfe da ke zuwa kowace silinda suna da kilif ɗinsu da kamfanin ya tsara a sanarwarsa mai lamba 342, kar ka cire ko ɗaya.

Layin shaƙar iska na tanki shi ma layin mai ne. In ya toshe, mai na fita iska bata shiga, gudu ya ragu har tankin ya lotsa. Zanzaro na son gina ɗakinsa a irin wannan bakin, don haka a sa masa ƴar raga, a kuma duba shi kafin tashi.

Ɗauri da abin shafawa

Joyin mai leɓe ƙarfe da ƙarfe ne ke rufe shi, ba a shafa masa komai a fuska. Mai tiredi irin na bututun ruwa, wanda ke tsukewa yana shiga, shi ake shafa wa man rufe tiredi da aka yi don fetur, kaɗan, a namijin kawai, a tsallake zagaye biyun farko. Farin tef na Teflon haramun ne a nan, yagewa yake ya bi mai ya je ya toshe ƙaramin rami. Silikon ɗin liƙi da ake matsowa shi ma haka, fetur na kumbura shi. A 2014 wani RV-10 ya faɗi a jihar Oregon aka rasa rayuka, bincike ya samu dunƙulen silikon ya toshe mashigar na'urar auna gudun mai.

Ɗaure da sifana mai awo. A bututun alminiyam -4 na son ƙarfin ɗauri na inci-fam 50 zuwa 65, -6 kuma 110 zuwa 130. Wuce haka murƙushe leɓen kake. Duk notin da ka gama ɗiga masa fenti ya ratsa noti da joyin, da kallo ɗaya zaka san wanda aka ɗaure da wanda ya motsa, don notin da aka sa da hannu aka ce a dawo anjima shi ne mai kisa.

Wanki da gwaji

Hure kowane layi da iska kafin haɗawa, bayan haɗawa kuma a cire tiyon bakin kafireto a zubar da man farko ta cikin farin ƙyalle, zaka sha mamakin garin alminiyam da zai fito. Toshe bakin, kunna famfon lantarki, bi kowane joyin da farar takarda, shuɗin 100LL zai tona yoyo.

Gwajin gudu shi ne alƙali. A waje ake yi, da abin kashe gobara a hannu, jirgi da bokitin ƙarfe a haɗa su da waya a kai ƙasa. Ɗaga hancin jirgin ya wuce kusurwar hawa mafi tsanani da digiri 5, zuba mai kaɗan a tanki, riƙe bakin tiyon daidai tsayin kafireto. Tsarin gangara ana son ya ba da kashi 150 cikin 100 na abin da inji ke sha a cikakkiyar wuta, mai famfo 125. Lissafin: ƙarfin doki sau 0.55 ya ba ka fam a awa, raba da 6 ya zama galan. Inji mai doki 180 ya kama galan 16.5 a awa, to mai famfo sai ya kawo 20.6, wajen lita 78, wato galan ɗaya cikin daƙiƙa 175 ko ƙasa da haka. Na gangara 24.75, galan ɗaya cikin daƙiƙa 145. Yi wa kowane tanki daban, ka bar shi ya zuba har iska ta fara fitowa, abin da ya saura a ciki shi ne man da bazaka taɓa ƙirgawa ba, rubuta shi.

In lambar bata kai ba kar ka ce ai saura kaɗan. Koma baya gaɓa gaɓa, kwance kafin filta ka auna, kwance kafin bawul ka auna, buɗe murfin tanki ka ga ko gudu ya ƙaru, in ya ƙaru layin iska ne. Bayan an tada inji karon farko ya yi zafi, kashe shi ka bar murfi a rufe kamar minti 10, sake tadawa kana kallon gejin matsi, in allura na rawa to akwai inda man ke dahuwa. Sannan cire murfin, bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu kana neman gurza ko ƙuna a rigar, buɗe filta da ragar kafireto ka wanke, ka sake buɗe su bayan awannin tashi na farko don sabon tanki bai gama sakin dattinsa ba.